Neman Jini a Kasuwar Lolo

Birnin Kebbi

Ana sallame sallar asuba na saɓa jakata na nufi tasha, ina addu'ar Allah Ya sa Bakatsinen nan ya makara, in samu abin da zan yi ta gasa masa a hanya. Ina isa na tarar da shi zaune a benci ya harɗe ƙafa. Gabansa jarkoki huɗu sababbi fil da farantan silba, ga kuma wani ɗan akwati ya rungume a ƙirji. Ya dubi agogo, ya dube ni.

"Malam Haliru," ya ce, "ashe har yanzu Kabawa sai rana ta gasa musu baya suke motsi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai bawa ne ke riga ubangidansa zuwa tasha."

Dakta Mannir ke nan, malamin kimiyyar sinadarai a makarantar da nake aiki. Ni ke kula masa da ɗakin gwaji, in wanke kwalabe, in kunna tanda, in hana ɗalibai ƙone mana gini. A ofis shi ne babba, ba musu. Amma shi Bakatsine ne, ni Bakabe, kuma tsakaninmu da su akwai wasan taubasai tun kaka da kakanni. Ka faɗa wa mutum abin da ka ga dama, ba fushi, ba kai ƙara. Wannan dama kuwa ban taɓa barin ta ta kwana ba.

Abin da ya fito da mu da duku-duku shi ne wani batir da Dakta ya daɗe yana fama da shi, batir mai shaƙar iska. Cikinsa tutiya ce, irin wadda ake shafe kwanon rufi da ita, sai ruwan sinadari, sai iskar nan da kowa ke shaƙa kyauta. Matsalar ita ce iska ba ta yarda ta shiga cinikin sai da dillali. Dillalin shi ake kira katalis. Saniyar ba tasa ba ce, ba kuma shi ke saye ba, amma in ba ya wurin ciniki ba ya faɗawa. Wanda aka saba sawa filatinam ne, ƙarfen da tsadarsa ke sa mutum ya dafe hula. Dakta ya ce talaka ba zai taɓa ganin hasken batirin da dillalinsa ya fi saniyar tsada ba, don haka ya koma neman na araha. Ya samo shi a jinin dabba, saboda akwai ƙarfe a cikinsa. A dafa, a busar, a gauraya da ɓuntun shinkafa, a toya a tanda a rufe ruf ba iska, har ya zama baƙin gari. Garin nan shi ke yin dillancin.

To a mayankar birni masu haɗa abincin kaji sun riga mu, jini ba ya taɓa ƙasa. Ni kuwa na cika baki cewa a garinmu Lolo, can bakin iyaka, ranar kasuwa jini kwarara yake yi a banza, ɓuntu kuwa har an rasa inda za a zuba shi. Na ƙara da cewa masauki ba abin damuwa ba ne, gidan Innata yana nan.

Hanyar Kende

Motar ta mutum bakwai ce, aka ɗura mu goma, kuɗin kujera kuwa ya hau sosai a kan yadda na bar shi bara. Dakta ya faɗa kusa da wata 'yar kasuwa Badendiya, mutuniyar tsallaken iyaka, ta saro robobi za ta koma. Hausarta ta kasuwa ce, amma tana ji sarai. Mace mai fara'a, ba mu wuce Kalgo ba ta kwance ƙullin gyaɗa ta miƙa masa, shi kuma ya yi ta ci yana yabawa.

Shingen masu kaki kuwa ba a magana. A na farko wani ya nuna akwatin Dakta da baki ya ce a buɗe. Ciki batirin gwaji ne, bai fi gwangwanin kifi ba, da ɗan ƙwan fitila a maƙale. Mai kaki ya yi kuskuren tambayar mene ne wannan. Dakta ya gyara tabarau, ya faro daga yadda iska ke shiga, ya gangaro kan tsadar filatinam, yana shirin zana masa hoto a ƙurar gilashin mota, bawan Allah ya ɗaga hannu ya ce, "Direba, ja motarka don girman Allah." Daga nan duk shingen da muka isa, sai in leƙa in ce, "Yallaɓai, tambaye shi abin da ke cikin akwati." Ba mu taɓa daɗewa ba.

Da hantsi muka isa Kende, direba ya ce a sauka a karya. Mai shayin wurin Bakabe ne ɗan'uwana, mun san juna.

"Maraba da mutanen Birni!" ya ce. "Wanga baƙo hwa, mi za a haɗa mai?"

Shaiɗan ya zauna mini a kan harshe. Na ce, "Kak ka ɓata madararka. Bakatsine na. Su ba su shan shayi da sahe, jini su ka sha. Ba ka ga jarkokinshi ba? Lolo za ni kai shi, can anka ce mai jinin ya hi zaƙi."

Mai shayi ya tuntsire da dariya har ya zubar da sukari. "Ashe bawanmu na! To Allah shi tsare muna ɗiyanmu."

Dakta bai ko ɗaga kai daga burodinsa ba ya ce, "Gaskiya ya faɗa. Amma ku kwantar da hankalinku, na Kabawa ba na sha. Ƙarnin kifi ya yi masa yawa."

Teburi ya ɗauki dariya. Mutum ɗaya ce ba ta yi ba. Matar tsallake ta ajiye kofinta da sauran shayi a ciki, ta miƙe a hankali. Da muka koma mota ta riga ta yi musayar wuri da wani dattijo, ta maƙure a can ƙarshen kujera tana motsa leɓe. Ƙullin gyaɗar ma ta ɗauke abinta. Ni kuwa daɗi na ji, har na ce da ƙarfi, "Dakta, ka ci gyaɗar baiwar Allah, kar ka yi mata butulci." Ko kusa ban kawo a raina cewa akwai mai jin Hausa da bai san wasan Kabawa da Katsinawa ba.

Bagudo zuwa Illo

Direba ya karkata cikin Bagudo ya sauke buhuna, muka ɗauki hanyar gada. Nan Dakta ya fara ganin abin da na yi masa alkawari. Bayan kowane injin casa tsibin ɓuntu ne, wani ya fi ɗaki tsawo, wasu an cinna musu wuta suna ta hayaƙi. Ya leƙa ta taga yana salati, yana cewa ga dukiya ana ƙonawa. Na ce ya zauna da kyau, in ya faɗa ba ni da abin da zan gaya wa Katsinawa.

Muka haye kogin Kwara, ruwa ya cika ya batse, jiragen masunta na ta kai da kawo, fadamun shinkafa kore shar iya ganinka. Daga can hanya ta fara nuna hali. Mota ta shiga rami ta fita, jarkokin Dakta na ta kiɗa a bayanmu, kuma duk lokacin da suka yi ƙara sai matar nan ta waiwaya.

A Illo motarmu ta ƙare tafiyarta, sai an canja wata. Muka yi azahar, muka ci shinkafa da wake a bakin tasha. Matar tsallake kuwa ba ta jira mota ta cika ba. Ta tare ɗan kabu-kabu mai babur, aka ɗaure robobinta har sun fi ta tsawo, ta haye, suka yi hanyar Lolo a guje. Na ce wa Dakta, "Ka gani, ko gaisuwar rabuwa ba ta yi maka ba." Mu sai bayan la'asar muka samu tashi.

Lolo, jajibirin kasuwa

Kafin mu shiga gida sai na yi bayanin Innata. Ni ne ɗan farinta, uwarta kuwa Bafillata ce, don haka kunyar ɗan fari a wurinta ba wasa ba ce. Tun da aka haife ni ba ta taɓa kama sunana ba. A gidan gwaggona na tashi. In tana son magana da ni, sai ta dubi bango ko ta dubi wata ƙanwata ta ce, "A gaya ma mutumen Birni abinci ya sauka," alhali ina zaune a gabanta. Ko wani Halirun daban ta gamu da shi, "mai sunan wancan" take ce masa. Ina yaro abin yana ci mini rai. Da na girma na mai da shi abin tsokana, in yi ta kafa mata tarko ko za ta yi suɓul da baka, ban taɓa kama ta ba.

Sana'arta tuwon shinkafa da miyar kifi, a rumfa ɗaya a kasuwar Lolo tun rasuwar mahaifinmu. Da tuwon nan ta ɗauki nauyinmu. Mun yi mun yi ta huta, ta ce ranar da ta bar rumfa a fara haƙa mata kabari. Mai abinci kuwa ba ta da jarin da ya wuce sunanta. Ranar da aka fara shakkar tukunyarta, ranar sana'a ta mutu.

Ta tarbi Dakta hannu bibbiyu. Tabarmar mahaifina ta shimfiɗa masa, wadda ni ban isa in taka ba. Ta tambayi sunansa sau ɗaya, shi ke nan sai "Mannir, ga ruwa," "Mannir, ƙara miya." Ina gefe ina haɗiyar kishi da tuwo. Shi kuwa ɗan nema, da ya gane inda ke mini ciwo, sai ya riƙa amsawa da ƙarfi, "Na'am, Inna!" yana kallona ta saman tabarau.

Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya mini. Jajibirin kasuwa gidanmu cike yake da matan maƙwabta, masu wanke shinkafa, masu gyaran kifi, ana hira ana shewa. Ranar nan har magariba ba wadda ta leƙo. Inna ta dubi ƙofa ta ce, "Yau shiru. Ko rasuwa anka yi ban jiya ba?" Ta ja ƙwaryar kifinta ta gyara ita kaɗai da ƙanwata.

Ranar kasuwa

Rana na fitowa muka ɗauki jarkoki muka nufi mayanka. An riga an kayar da shanu, jini na bin ƙasa kamar yadda na faɗa, har na fara yi wa Dakta kallon ai na gaya maka. Muna yin sallama hira ta ɗauke. Wani mahauci ya sa ƙafa yana tura rairayi a kan jinin da ke gabansa. Babbansu, Baba Jatau, dattijon da ya san ni tun ina yawo ba wando, ya goge wuƙa a hankali ya ce, "Haliru, wanga shi na mutumen?"

"Wane mutum, Baba?"

"Mai sha."

Ashe labari ya riga mu kwana a gari, kuma ya yi ƙiba a hanya. An ce an ga Dakta da ido ya kafa kai a kofin jini a Kende. An ce ya ci gyaɗar wata mata, tun daga nan kanta ke sarawa. Babban abin da ya tayar da hankalin jama'a kuwa shi ne maganar da ya yi da bakinsa, cewa ba ya shan na Kabawa. Lolo gari ne na taron dangi, ga Dendawa, ga Fulani, ga Zabarmawa, ga fatake daga ko'ina, Kabawa ba su fi a ƙirga ba. Kowa ya yi lissafinsa, tunda ba ya shan nasu, to na wa ya zo sha?

Wallahi dariya na yi har da riƙe ciki. Na ce wa Dakta ya jira ni, in je in kira Inna ta ji abin dariya.

Ina shan kwanar layin masu abinci dariyar ta yanke. A irin wannan lokaci bencin Inna ba ka samun wurin zama, masu jirgi da fatake har a tsaye suke ci. Na tarar da benci wayam. Tukwane cike, ba a ko fasa tuwon ba. Tana zaune ta miƙe baya tana korar ƙuda da mafici. Ina tsaye wani mai jirgi da ya shekara da shekaru yana ci a wurinta ya taho, ya hango rumfar, ya sunkuyar da kai ya tsallaka wurin wata. Wata mata ta ja hannun 'yarta suka kewaye. Gidan da aka sauki maye, wa zai ci tuwonsa?

Ba ta dube ni ba. Ta ce wa tukunya, "An ce wani ya yi magana a Kende."

Abin da ta gina tun muna yara, na rushe shi a kan kofin shayi. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin nan ba.

Na koma mayanka da gudu da dabarar da nake ganin ta fi kowace. Na ce Dakta ya buɗe akwati ya nuna wa mutane batirin, su gani da idonsu aikin ilimi ne. Ya ce anya kuwa? Na ce ni na san mutanena.

Aka share teburin nama, jama'a suka taru, kowa ya bar tazara. Dakta ya yi bayani, wannan karon a taƙaice, don ya ga idanu. Ya nuna baƙin garin a 'yar kwalba ya ce daga jini aka yi shi. Ya ɓare ledar da ta rufe ƙofofin batirin, jim kaɗan ƙwan fitila ya kawo haske. Aka yi "A'a!" Da ya tsaya nan da wataƙila mun tsira. Amma malami malami ne. Ya ce bari ya nuna musu aikin iska. Ya sa tafin hannu ya toshe ƙofofin, haske ya riƙa dusashewa a hankali. Ya ɗage hannu, haske ya dawo.

Wani daga baya ya kurma ihu, "Lumhwashi shi kai! Abin na da rai!"

Kafin ka ce kwabo fili ya watse. An bar takalma, an bar tire, wani ya faɗa cikin kwandon tumatir. Garin gyaran gira na tsone ido.

Da suka dawo ba da dariya suka dawo ba. Wasu da sanduna. Wani mutum ya ratso yana cewa matarsa tun jiya take zazzaɓi tana sambatu, dole baƙon nan ya zo ya tsallake ta. Haka ake yi wa wanda ake zargi da maita, a sa shi ya tsallake marar lafiya don ya saki kurwarsa. In Dakta ya tsallaka ya amsa laifi ke nan, in matar ta samu sauƙi kuma an tabbatar. In ya ƙi, ga sanduna. Na dube shi, gumi ya jiƙa masa riga, ya rungume akwatinsa.

Na hau kan turmi ina ihu, "Jama'a, wasa na! Ni na hwaɗa! Bakatsine na, taubashina na!"

Baba Jatau ya ce, "Wasan Kabawa da Katsinawa mun san shi, Haliru. Amma ban taɓa ganin wasan taubasai da ya zaka da jarka huɗu ba."

Wani ya ce ai ni ma an riga an lashe mini kurwa, shi ya sa nake kare shi. Maganata ta zama banza.

Sai na ga mutane na darewa. Inna ce, da ludayin miya a hannu, ko mayafi ba ta tsaya gyarawa ba. Baba Jatau ya ce, "Hajo, gidanki anka sauke shi. Mi kika sani?"

Ta tsaya tsakiyar fili.

"Baƙona na. Ya ci tuwona, ya yi salla bisa tabarmar maigidana. Ba maye ba na. In kuna biɗar wanda ya kunna wagga wuta, ga shi can bisa turmi." Ta ɗaga ludayi ta nuna ni, ta dube ni ido cikin ido. "Haliru na. Haliru, wanda na haihwa da cikina, tun yana rarrahe bakinshi ya hi shi tsawo. Ƙarya ta, kuma Haliru ya yi ta."

Mata suka rufe baki da hannu. Wata tsohuwa ta ce, "La ilaha illallahu, Hajo!" Baba Jatau ya cire hula, ya shafa kai, ya mayar.

"Jama'a," ya ce, "mun tsuhwa cikin kasuwag ga tare da Hajo. Wa ya taɓa jin ta kama sunan ga?"

Dattawa suka girgiza kai.

"To ni wagga ta hi min rantsuwa." Ya juya ga mai matar nan ya ce ya kai iyalinsa asibiti a duba ta, lokacin sauro ne. Sannan ya kama hannun Dakta, ya ja shi har rumfar Inna, ya ce a zuba musu a kwano ɗaya. Suka sa hannu tare, kasuwa na kallo. Kafin su suɗe kwano benci ya cika. Kafin azahar ana kankare tukunya.

Ni kuwa ina kan turmi ban sauka ba. An tsinka ni a gaban gari guda, uwata ta kira ni maƙaryaci, amma abin da ke yawo a kunnena daban ne. Ashe haka take faɗin sunana, tana ɗan jan ƙarshen. Hawaye suka zubo mini. Mutane suka ɗauka na kunya ne, na bar su a haka.

Da Dakta ya ƙoshi, jini ya dawo masa fuska, sai Bakatsinen ya farka. Ya ce wa Baba Jatau yana da roƙo ɗaya, tunda bawansa ne ya jawo, bawansa ne zai yi dakon jinin, a ka, ta tsakiyar kasuwa. Dattijo ya ce hukunci ya yi. Da yake yankan safe ya riga ya sha rairayi, sai da aka kayar da na rana aka tara mana. Haka na yi ta safara da jarka a ka, ana tafa mini, masu goro na tambayata ko na ɗanɗana. Wani mahauci ya tambayi Dakta hukuncin taɓa jini, tunda najasa ne. Ya ce ya tambayi malamai kafin ya fara, ba ci za a yi ba, ƙonewa zai yi ya zama gawayi, kuma ga safar hannu. Muka dafa shi a rabin duro a bayan mayanka, muka shanya a farantai.

Bakin iyaka

Da yamma sai ga matar tsallake ta zo rumfar Inna tana raɓe-raɓe, da sabon ƙullin gyaɗa. Ta durƙusa ta ba Dakta haƙuri. Ta ce a garinsu ba a wasa da irin wannan magana, mutum ya ce ɗan'uwansa na shan jini, ɗan'uwan kuma ya ce gaskiya ne, me za ta ɗauka? Ban ga laifinta ba. Da ta saki jiki sai ta tambaya ko abin nan mai numfashi yana cajin waya, don ƙauyensu ba wuta, sai sun zo kasuwa suke caji. Dakta ya ce tukuna, ƙarfinsa bai kai ba, amma abin da ya kawo shi ke nan. Ta ce in ya kai a fara da ita.

Muka raka ta har inda masu kaki ke zaune ƙarƙashin bishiya, daga nan sai ƙasar Benin. Ban ga bambanci ba, shinkafar can irin ta nan ce, shanun ma haka. Dakta ya so ya taka ƙafa ɗaya don ya ce ya fita waje. Na ce ya rufa mana asiri, ƙasa ɗaya ma da ƙyar muka fitar da shi.

Komawa

Sai da jinin ya bushe ƙarau muka ɗaure shi a leda, muka cika buhu biyu da ɓuntu kyauta, mai injin har yana sa mana albarka. Baba Jatau ya ce duk ranar kasuwa za a riƙa tara mana, in dai ni zan zo dako. Dakta ya so ya bar wa Inna fitilar, ta ce a kai abin nesa da tukunyarta.

Da safe ta rako mu ƙofar gida. Na tsaya kusa da ita, na yi tari, na gyara hula, ina fatan ko za a maimaita. Ta ce, "Mannir, Allah shi kiyaye hanya, a gaida iyali." Sannan ta dubi bango. "A gaya ma mutumen Birni shi rage baki."

A Kende mai shayi ya tambaye ni me za a haɗa wa baƙo. Na ce shayi, da madara, da sukari, kamar kowane Musulmi. Muka shiga Birnin Kebbi ana kiran magariba, lafiya lau, sai ƙarnin da ya kama mini hula.

Garin da muka toya daga jinin Lolo ya yi dillanci, fitila ta fi da daɗewa, ko da yake har yanzu filatinam na gaba, aiki bai ƙare ba. Dakta kuwa ya samu abin yi. Duk lokacin da zai kira ni a ɗakin gwaji sai ya ɗaga cokalin awo ya nuna ni, ya ja ƙarshen sunan yadda ya ji an ja. Ina yin kamar na ji haushi.

Na gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu, Ya kuma rufa wa tukunyar Inna asiri. Na gode wa Baba Jatau da mahautan Lolo, da Bakatsinen da ya sha tsoro bai riƙe ni a zuci ba. Godiya ta musamman kuwa ga baiwar Allah mai robobi, duk inda take a tsallake. Ba don ta ɗauki wasa da gaske ba, da wataƙila har in mutu ban san yadda sunana yake a bakin uwata ba.